Baƙon da Ya Rufe Ƙofar Kogi

Ranar Talata ce, takwas ga watan Afrilun bara. Gari ya waye da baƙin hadari wanda ya ƙi zubowa, iska na tasowa daga wajen kogi da warin laka. An yi sati ana tafka ruwa can arewa, mu kuma a Harlow Ferry kwana uku muka samu, ya ɗauke ranar Litinin da hantsi. Ƙarfe shida na safe Delmar Stanek ya tsayar da tsohuwar a-kori-kurarsa a bakin filin besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda, kamar yadda ya saba yi shekara arba'in da uku. Ya ajiye fulas ɗin kofi a kan dakali, ya tuɓe takalmi da safa, ya taka ciyawa.

Haka yake fara kowace rana, daga sa'ad da ƙanƙara ta narke har ta dawo. Sai ya taka filin daga gida, inda mai sanda ke tsayawa, har shingen ƙarshe, ya dawo ta wani gefen. Ya ce ido na ruɗin mutum, tafin ƙafa ba ya ruɗi. Inda ƙasa ta yi laushi, inda ta ɗaure, inda ɓera ya tona, duk ƙafa ke gaya masa. In ya gama sai ya hau tudun jifa da bokitin yumɓu, ya cike ramin da ƙafar mai jifa ke tonawa, ya daɓe, ya yayyafa ruwa, ya sake daɓewa. Daga nan sai manjagara, sai injin yankan ciyawa, a ƙarshe ya ja layuka da farar ƙasa, ya koma can nesa ya kanne ido ɗaya ya duba ko sun miƙe.

A lokacin da nake ba da labari, shekara huɗu ke nan garinmu ba shi da ƙungiya. Manyan da ke birni sun rage yawan ƙananan ƙungiyoyi, tamu ta shiga cikin waɗanda aka soke. In ban da 'yan makaranta da ke zuwa jefi-jefi, ba mai taka filin. Amma Delmar bai fasa ko rana ɗaya ba. Majalisar gari ta gaji da ganin fili a kwance, ta yanke cewa za a yi masa gwaji na ƙarshe: wani ƙaramin rukunin gasa na neman gari guda da zai ba ƙungiya, za su aiko mai dubawa ranar sha bakwai ga wata. In fili ya yi musu, shi ke nan. In bai yi ba, za a zuba masa kwalta ya zama wurin ajiye tireloli. Saura kwana tara.

Ƙarshen wannan kakar wasa Delmar zai ajiye aiki, shi ya sa nake rubuta wannan. Ni ba marubuci ba ne. Na bar makaranta da wuri, na bar garin nan sau uku na dawo sau uku, kuma duk dawowar da na yi, abu ɗaya na tarar bai motsa daga inda na bar shi ba: mutumin nan, tsugune a kan tudun jifa.

Duk wanda ke son sanin tarihin Harlow Ferry ba ɗakin karatu ake kai shi ba, ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ake kai shi. Can akwai wani ɗaki da aka haƙa cikin ƙasa, ana sauka matakala bakwai, inda mai kula da fili ke ajiye kayan aiki. Bangon ɗakin na katako ne, kuma tun kakar farko, shekara casa'in da suka wuce, aka kafa al'ada: duk ɗan wasan da ya kai ƙarshen kaka a garin nan, ran da zai tafi sai ya sauka ya rubuta sunansa da shekara. Wani da fensir, wani da gawayi, wani da biro, masu taurin kai kuma da wuƙa. An fara daga ƙasa ana hawa.

Delmar kan tsaya da fitila a hannu ya karanta wa baƙo bangon kamar mai karanta wasiƙa. Can ƙasa 'yan Kwale-kwale ne, zamanin da ba gada, da jirgin fito ake haye kogi. Sai 'yan Maɓalli, lokacin da rabin garin ke yanka ɓawon kogi a masana'antar maɓallan riga. Sai layi uku da babu suna ko ɗaya, shekarun yaƙi ke nan. Sai Maƙera, da aka buɗe gidan narka ƙarfe. A tsakiyarsu akwai sunaye biyu a gefe guda, baƙaƙen fata na farko da suka buga mana wasa. Otal ɗin gari ya hana su ɗaki, wata bazawara ta ce su zo gidanta, daga nan aka fara saukar da 'yan wasa a gidajen mutane, har yau. Sai kuma layuka goma sha ɗaya babu kowa, lokacin da talabijin ta shigo kowa ya zauna a gida. Sai Tarwaɗa, waɗanda muka tashi muka gani. Duk sa'ad da sana'ar gari ta mutu, sunan ƙungiya ya bi ta. Kuma duk shekarar da ba wasa, mai kula da fili kan ja layi ɗaya dogo da fenti, ya bar shi haka. Delmar ya ja huɗu da hannunsa.

Sunaye dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Cikinsu waɗanda suka kai babban rukuni ba su cika talatin ba. Sauran sun koma garuruwansu sun zama direbobi da malaman makaranta da masu gyaran famfo, kuma da yawansu babu inda aka rubuta cewa sun taɓa riƙe sanda sai a bangon nan. Akan ga dattijo ya zo da jikokinsa daga wata uwa duniya, don kawai ya ɗora yatsa a kan katako ya ce, "Ga ni nan."

Shi ma Delmar da ƙafar wasa ya shigo garin. Yana da shekara ashirin da ɗaya aka turo shi mai jifa, aka sauke shi gidan su Pruitt masu 'ya'ya mata biyu, babbar sunanta Wanda, ƙaramar kuma Maxine. Kafin kaka ta ƙare kafaɗarsa ta tashi aiki. Ranar tafiya ya sauka ɗakin ƙasa da jakarsa ya rubuta sunansa da fensir kamar kowa. Maxine ta biyo shi. Doka ce ba mai taɓa bangon sai ɗan wasa, amma ta karɓe fensirin daga hannunsa ta rubuta a ƙarƙashin sunan: "Wannan ba inda za shi." Tsoho Emmett Birk, mai kula da fili na lokacin, yana tsaye yana kallo. Bai ce a goge ba. Ya dai miƙa wa Delmar manjagara ya ce tunda ba inda za shi, sai ya kama aiki.

Maxine ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Wanda na nan, ta yi shekara talatin da takwas tana sayar da tikiti, yanzu tana da shagon kofi a tsallaken titi. Har gobe ba ta kiran mijin ƙanwarta da sunansa. Baƙo take ce masa, shi kuma ya ce mata Yaya.

Abu biyu garin nan ya san Delmar da su, kuma duka biyun sun shigo cikin abin da ya faru.

Na farko tamfol. In ruwa ya sauko ana tsakiyar wasa, dole a rufe tsakiyar fili kafin yumɓu ya jiƙe, in ba haka ba wasa ya mutu. Manyan ƙungiyoyi na da ma'aikata ashirin don wannan kaɗai. Mu ba mu da su, don haka kowa ne ma'aikaci: mai tikiti, mai gugguru, mai shela, limamin coci in yana cikin 'yan kallo, har maƙwabtan fili. Akwai tsohuwar ƙararrawar jirgin fito da aka rataye a bakin ƙofa. Da ta kaɗa, kowa ya san wurinsa a jikin tamfol. Delmar ya yi shekara arba'in yana koya mana magana ɗaya, domin ya sha ganin an tsaya gardama ruwa ya cinye fili: in ƙararrawa ta kaɗa, ba ku da kunne, ƙafa kawai gare ku. Ko magajin gari ne ya kira ka, kada ka waiwaya. Ko ni ne. Yara a garin nan sukan haddace wannan kafin su haddace lambar gidansu.

Na biyu ƙarfen kogi. A ƙarƙashin filin akwai bututun da mutanen farko suka shimfiɗa, suna kwashe ruwan sama su kai shi wani babban bututu, shi kuma ya ratsa ta ƙarƙashin ganuwar da ke tare kogi ya zubar. Ruwan da ke gangarowa daga titunan gari ma ta nan yake bi. A bakin babban bututun akwai ƙofar ƙarfe, da wani ƙarfe mai kama da sitiyarin mota da ake juyawa a rufe ta. Emmett ya gaya wa Delmar amfaninta tun satinsa na farko. In kogi ya hau sama da bakin bututu ƙofa na buɗe, zai biyo bututu ya ɓullo a tsakiyar fili da laka da baƙin mai, ciyawa ta mutu, yumɓu ya lalace, sai an yi shekara biyu ana gyara. In kuwa aka rufe, kogi ba zai shigo ba, amma ruwan gari zai rasa mafita, ya nemi wuri mafi zurfi. Wuri mafi zurfi kuwa shi ne ɗakin ƙasa. Emmett ya ce shi dai bai taɓa rufewa ba, yana kuma roƙon kada ranar ta zo a zamaninsa. Ba ta zo ba.

Duk ɗaya ga wata Delmar kan ɗauki gwangwanin giris ya tafi bayan shinge ya shafe ƙarfen nan, ya juya shi kaɗan ya mayar. Sau ɗari biyar da wani abu ke nan. Wanda kan leƙo daga shago ta ce, "Baƙo, za a je gai da amarya? Ka ce mata har yanzu ba mu ga ranarta ba."

Ya ce, "Za ki gani, Yaya. In kin kai."

"Ni zan binne ka, ka rubuta ka ajiye."

To, ranar Talatar nan masu hasashe sun ce kogi zai tsaya taku ɗaya ƙasa da bakin bututu. Tamfol kuwa an naɗe shi tun Litinin, don ciyawa ta sha iska, domin in ta daɗe a rufe ruɓewa take yi. Delmar bai damu da ruwan sama ba. Ba wasa a gaba, kwana tara sun isa yumɓu ya bushe. Amma da ya iso kusa da shingen ƙarshe, sai ya ji wani sanyi na daban a tafin ƙafarsa. Ya tsuguna ya danna ƙasa da babban yatsa, ruwa ya taso, ya shinshina. Ba warin ruwan sama ba ne.

Ya hau ganuwa ya kafa sanda a gefen ruwa, ya zauna yana kallo. Wajen sha ɗaya sandar ta nutse. Kafin azahar kogi ya taɓa bakin bututu, a daidai lokacin kuma hadarin da ya yini yana shawara ya ɓarke.

Ya kira Wanda a waya. Ita ta ba ni labarin abin da suka ce.

"Yaya, zan rufe ƙofar."

Ta ce, "Ka san inda ruwan zai je."

"Na sani. Tara min mutane, kowa da guduma da ƙarfen ɓamɓare ƙusa. Su cire katakon bango, su fara daga ƙasa. Kuna da kamar minti arba'in."

"Na Maxine fa?"

"Yana tsakiya. In sun iso shi, sun iso."

Ya kashe waya ya kama ƙarfe. Ya juyu kamar jiya aka ƙera shi. Amma juyi ɗari biyu ƙofar ke ci kafin ta zauna, kuma da ta kai rabi wani kututture ya maƙale a ƙarƙashinta. Mutum mai shekara sittin da huɗu, da kafaɗa ɗaya mai aiki, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka cikin ruwan Afrilu har wuya, yana tura itace da ƙafa. Ba wanda ya gani. Mun dai ga ƙaurinsa daga baya.

Ita kuwa Wanda ta duba waya, ta ga in ta ce za ta bi mutane ɗaya-ɗaya lokaci zai ƙare. Sai ta yi abin da ya fi sauri. Ta haye titi cikin ruwa ta kama igiyar ƙararrawa.

Shekara huɗu ba mu ji ƙararrawar nan ba. Ina gidan man da nake aiki a lokacin, na bar mota da bututun mai a jiki na ruga. Mai aski ya fito da almakashi a aljihu. Matan wurin wanki, ma'aikatan gidan waya, wani tsoho da sandar dogarawa, mun kai mu arba'in. Wanda na tsaye a bakin ƙofa tana ɗaga hannu tana kiran sunayenmu, muka wuce ta kamar ba ta nan. Na ga bakinta na motsi. Ta kamo rigata ma, na fizge. Kowa ya tafi wurinsa a jikin tamfol, muka sa kafaɗa muka tura.

A zamanin wasa minti uku muke yi. Amma mun tsufa, mun manta, ruwa kuma kamar da bakin ƙwarya. Muna kaiwa rabi tamfol ya cika da ruwa ya ƙi motsi. Sai da muka koma da shi baya muka zubar, muka sake ja. Sau uku. Wanda ta bi layi tana dukan bayan mutane, muryarta ta dishe, kowa na tsammanin cewa take a ƙara himma. Da ta ga ba mai juyowa sai ta sauka ɗakin ƙasa ita kaɗai da guduma, mace mai shekara saba'in. Ruwa ya kai mata gwiwa tana fama da ƙusa ɗaya da ta yi tsatsa tun kafin a haife ta. Da ya kai ƙugu ta fito hannu wofi.

Mun fi rabin awa kafin mu shimfiɗa shi. Muka tsaya muna haki, muna dariya, ana tafa wa juna baya. A haka Delmar ya ɓullo daga bayan shinge, jiƙe sharkaf, jini na bin ƙaurinsa. Ya dubi tamfol. Ya dube mu. Ya dubi Wanda zaune a kan matakalar ɗakin ƙasa ta sama, sauran shida sun nutse.

Sai a lokacin aka fahimta. Wasu samari suka yi kukan kura za su faɗa ruwa, ya tare ƙofa. Ya ce akwai wayar wuta a ciki, ginshiƙai kuma sun fara motsi, ba zai ba da mai rai don katako ba. Mai aski ya fara ba da haƙuri.

Delmar ya ce, "Wa ya koya muku? Shekara arba'in ina ce muku kada ku saurari kowa. Yau kun ji magana, sai in yi fushi?"

Ya taka zuwa kusurwar tamfol ta hagu, ya ja ta ta miƙe, ya ɗora mata buhun yashi. Sannan ya je ya zauna kusa da Wanda. Ta ce da ta san haka da ta yanke hannunta kafin ta taɓa igiyar nan. Ya ce ƙarfe a hannunsa yake, shi ya juya shi, kuma ko da ya san ba katako ɗaya da zai fita, da zai juya. Ta kalli ruwan ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata, "To, na ga ranar amaryarka."

"Na ce miki za ki gani."

Kwana huɗu kogi ya yi a saman bututu. Injinan janye ruwa na 'yan kwana-kwana duk suna unguwar gangare inda ruwa ya shiga gidaje. An ce masa ya roƙi ɗaya, ya ce mutane na gaba da katako. Rana ta uku ginshiƙai suka saki, rabin rumfa ya zauna a kan ɗakin. Da ruwa ya janye aka tono katakon daga cikin laka. Fensir da gawayi da biro duk sun tafi. Masu taurin kan da suka yi da wuƙa kaɗai suka tsira.

Ranar sha bakwai mai dubawa ta zo, wata mata mai suna Corinne Yoder, ba ta da yawan magana. Ta kalli rumfar da ta rushe ta rubuta wani abu. Ta shiga fili da jakar ƙwallaye, ta riƙa gara su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana kallon ko wata za ta yi tsalle. Ta auna tudun jifa. Ta soka ƙarfe a yumɓu ta zaro ta duba. Ta tambaya shin gaskiya ne shekara huɗu ba a yi wasa a nan ba, kuma gaskiya ne sati ɗaya da ya wuce kogi ya fi wannan ciyawar tudu. Aka ce mata haka ne. Ta ce rumfa aikin kafinta ce, ana yin ta cikin wata uku, amma fili irin wannan ba a saye. Ta juya ga Delmar ta ce, "Mista Stanek, akwai abin da ya kamata in sani?"

Ya ce, "Kusurwar dama na riƙe ruwa in an kwana biyu ana yi. Ban shawo kanta ba tukuna."

Bana muna da ƙungiya. An sa mata suna 'yan Ƙararrawa, ba don Delmar ya so ba.

Damina da sanyin bara duk a shagon Wanda ya yi su bayan ya tashi aiki, da takarda da fensir. Ya rufe ido ya bi bangon a kansa, layi-layi daga ƙasa, yana faɗa tana rubutawa. Inda ya tsaya, gari ya kama masa. Tsofaffin mata suka zo da sunayen samarin da suka kwana a gidajensu, wannan mai cin ƙwai shida da safe, wancan da ya ƙone mata labule. Wasu tsofaffin 'yan wasa suka ji labari suka kira. Aka kafa sabon bango a sama, inda ruwa ba ya kaiwa, Delmar ya mayar da kowane suna a shekararsa da hannunsa. Inda ya san akwai mutum amma sunan ya ƙi zuwa, ya bar gurbi daidai faɗin suna. Wanda ta ce ya manta ɗaya, na shekarar da ya zo, wato nasa. Ya ce bai manta ba. Ta miƙa masa fensir, ya ce sunan ba shi kaɗai yake tafiya ba, abin da ke ƙarƙashinsa kuma ba mai iya rubuta shi. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Delmar, kai ne baƙon da ya fi 'yan gari riƙon gari. Kai ne ka yi shekara huɗu kana ja wa fanko layi, muna wucewa muna cewa tsoho ya rasa abin yi. Kai ne ka shafa wa ƙarfe giris sau ɗari biyar don rana ɗaya, ranar ta zo ta ci maka abin da ka fi so, ba ka ɗora wa kowa ba. Na san in ka karanta wannan cewa za ka yi na cika surutu, kuma kusurwar dama har yanzu tana riƙe ruwa. To, ka yi haƙuri. Ina cikin waɗanda suka wuce Wanda a guje, kuma tun ranar ban sami bakin gaya maka komai ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar kafaɗa da ta ƙafa, ya sa ka ga sabon bango ya cika.

Ku kuma mutanen Harlow Ferry, daga watan gobe gwangwanin giris zai rasa mai ɗauka. Ɗaya ga wata ne, aikin minti goma, ba mai tafa wa mutum. Wani ya je ya karɓa tun mai shi na nan zai nuna masa yadda ake yi. Duk wanda kuma ya tuna wani suna, ko na wanda ya taɓa kwana a gidan kakarsa ne, shagon Wanda na buɗe tun bakwai.

Ga abin da ruwan ya ci. Rabin rumfar 'yan kallo. Injin yankan ciyawa biyu, buhun yumɓu arba'in, da manjagarar Emmett. Cikin sunaye dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu, tamanin da bakwai sun tsira da wuƙa, an tuno ɗari biyar da talatin. Ɗari bakwai da casa'in da huɗu sun tafi, ba wanda ya san su. Fili bai rasa ko taku ɗaya ba. Saura suna ɗaya da kowa ya sani, da layi ɗaya na rubutun Maxine.